“On your marks”, “zero hour”, “D-Day”: kalmomin Turanci na fara tsere da fara kai hari

Malamar Turanci:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana wasanni da masana harshe. Ina haɗa wa ɗalibaina na babbar sakandare darasi a kan kalmomin da Turawa ke faɗa idan za a fara tsere. Littafin da ke hannuna ya kawo “Ready, steady, go”. Malamin wasanninmu kuma in ya shiga fili “On your marks, get set, go” yake cewa. Yara sun ce min a talabijin ba su taɓa jin an ce “go” ba sam. To wanne zan ce musu shi ne daidai? Sannan nakan ga jarida ta ce wani ɗan siyasa ya yi “jump the gun”, ko ta kira ranar zaɓe “D-Day”. Shin duk tafiyarsu ɗaya ce, ko kowanne da gidansa?

Koci:
Wa alaikumus salam Malama. Yaranki sun lura da kyau, Allah ya yi musu albarka. Duk ukun ana faɗa, amma kowanne da muhallinsa. “Ready, steady, go” bakin yara ne a Ingila in za su yi rige-rige a wurin wasa. 'Ya'yan Amurkawa su ce “Ready, set, go”. Amma a gasa ta gaske, wadda ke bin dokar hukumar guje-guje ta duniya, magana biyu rak mai bindiga yake yi.

Da farko ya ce “On your marks”. Kowa ya taka zuwa layinsa ya durƙusa, gwiwa ɗaya a ƙasa, hannaye biyu a bayan farin layi ba tare da yatsa ya hau shi ba, tafin ƙafafu a jikin matokara, wato abin da ake kafawa a ƙasa ƙafa ta tokara wajen tashi. Ba zai ƙara cewa komai ba sai ya ga kowa ya natsu. Sannan ya ce “Set”. Ki lura, ba “get set” ba, “set” kawai. Kowa ya ɗaga ƙugu sama, nauyinsa ya koma kan hannaye, ya tsaya cik. Sai ƙarar bindiga. Babu “go”, bindigar ce ta tsaya a madadinta. Dalili shi ne kalma tana da tsawo, tana da farko da ƙarshe, wani zai tashi da an buɗe baki, wani sai an rufe. Ita kuwa bindiga tau ɗaya ce, kuma a haɗe take da agogon da ke ƙirga lokaci.

Wannan tsarin daga mita 100 ne zuwa mita 400. Daga mita 800 zuwa sama a tsaye ake tashi, “On your marks” kawai za a ce sai bindiga. Masu ninƙaya kuma “Take your marks” ake ce musu.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan Nijar da Faransanci muka taso: “À vos marques, prêts, partez.” Ashe abu ɗaya ne, ukun nan dai. Kuma mu ma a babbar gasa ba a faɗin ta ƙarshen, bindiga ce ke magana.

Malamar Turanci:
Na gode Koci, Allah ya ƙara sani. Ke nan “jump the gun” daga nan ta samo asali?

Koci:
Daga nan ne. Wanda ya zabura kafin bindiga ta tashi. A da ma “beat the pistol” suke cewa. Sunan laifin a dokance “false start”. A tseren motoci na “Formula 1” kuma “jump start” ake ce masa, don su ba bindiga gare su ba, jajayen fitilu biyar ne ke kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, in suka mutu gaba ɗaya sai a tashi. Shi ya sa za ki ji mai sharhi ya ce “lights out”.

Mai Fassara:
Malama, in kina neman Hausar “jump the gun” ba sai kin wahala ba, muna da ita tun kaka da kakanni: riga malam masallaci. Da ita nake fassara ta a labarai kuma mai sauraro yana ganewa nan take.

Hajiya Mai Nazari:
Ranka ya daɗe Mai Fassara, ban yarda ɗari bisa ɗari ba. Riga malam masallaci akwai ƙanshin rashin ladabi a cikinta. Akwai babba wanda hakkinsa ne ya fara, kai kuma ka yi azarɓaɓi ka sha gabansa. Ita kuwa “jump the gun” babu ruwanta da babba ko yaro, lokaci ne kawai bai yi ba. Mace za ta iya sayen kayan jarirai tun likita bai tabbatar mata da ciki ba, Bature ya ce ta yi “jump the gun”. Wane malami ta riga a nan?

Mai Fassara:
Hajiya, likitan shi ne malamin. Shi ke da hurumin faɗa, ita ta riga shi. Haka ma a tsere, mai bindiga shi ne malamin. Kullum akwai wanda ake jiran izininsa, ko da kuwa lokaci ne da kansa.

Hajiya Mai Nazari:
A wannan misalin ka samu mafita. Amma ni dai in da ni ce a gaban aji, zan ba su biyu: riga malam masallaci idan akwai mai iko da aka tsallake, azarɓaɓi ko garaje idan babu. Kada yaro ya ɗauka duk inda ya ga wannan sai ya sa waccan.

Ɗan Tsere:
Tunda an taɓo “false start” bari in faɗi abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Dokar nan zalunci ce. Ku tuna Usain Bolt a Daegu, Koriya ta Kudu, 2011, wasan ƙarshe na mita 100 a gasar duniya. Mutumin da babu kamarsa a doron ƙasa, mai riƙe da tarihin sakan 9.58, ya zabura sau ɗaya tak aka ce ya fita. Ya cire riga yana dafe kai, filin ya yi tsit. Yohan Blake ya ci, amma kowa ya san ba abin da aka zo kallo ke nan ba. Mutum ya shekara yana atisaye, kuskuren ƙiftawar ido ya rusa komai?

Koci:
Ƙanena, na san zafin da kake ji, amma ka san yadda aka yi aka zo nan? Kafin 2003 kowane ɗan tsere yana da damar yin kuskure sau ɗaya, sai a na biyunsa a kore shi. Ka lissafa, mutum takwas a layi, kowa da tasa damar. Da wannan tsohuwar dokar aka kori Linford Christie na Birtaniya a wasan ƙarshe na Olamfik a Atlanta, 1996, bayan ya yi sau biyu, kuma ya daɗe a fili yana gardama sauran na tsaye jikinsu na sanyi. A 2003 aka sauya: kuskuren farko a ɗora wa kowa da kowa, duk wanda ya yi na biyu ya fita ko da shi ne karonsa na farko. Sai masu wayo suka gano hanya. Wanda ya san ba shi da saurin tashi sai ya yi na farkon da gangan, ya cinye damar, ya bar masu saurin tashi cikin ɗar-ɗar. Wannan ya sa daga farkon 2010 aka ce babu afuwa ko ɗaya. Bolt kansa laifinsa a fili yake, ya tashi tun bindiga ba ta yi ƙara ba, ko makaho ya gani. Kuma bayan 'yan kwanaki ya dawo ya ci mita 200 a gasar.

Ɗan Tsere:
To na bar maka Bolt. Devon Allen fa? Eugene, Amurka, 2022, wasan ƙarshe na tsallake shinge mita 110. Wannan bai riga bindiga ba, bayan ta tashi ya motsa. Na'ura ta ce ya motsa a sakan 0.099, doka ta ce sai 0.100. Kashi ɗaya cikin dubu na sakan! A gaban 'yan garin da ya yi jami'a aka fitar da shi. Ta yaya za a ce wa mutumin da ya tashi bayan bindiga ya yi “jump the gun”?

Koci:
Wannan tambayar taka ita ce mai nauyi. Hujjar hukuma ita ce: ƙara sai ta shiga kunne, ta kai ƙwaƙwalwa, saƙo ya gangaro zuwa ƙafa, sannan ƙafa ta danna matokari. Suka ce wannan tafiyar ba ta yiwuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na sakan. Saboda haka duk wanda ya motsa kafin nan, ba bindigar ya ji ba, canka ya yi. Matokaran manyan gasa suna da na'urar da ke jin matsin ƙafa, ita ke kai rahoto. Amma gaskiya ɗaya ce, hukumar da kanta ta sa an yi bincike a Finland, aka fitar da shi a 2009, ya nuna wasu kan iya motsawa a wajen sakan 0.08, masu binciken suka ba da shawarar a rage iyakar. Har aka zo kan Allen ba a rage ba. A nan ina tare da kai. Dokar korar farko ta yi daidai, amma lambar nan ta 0.100 tana buƙatar a sake duba ta.

A gasar ce dai Tobi Amusan tamu ta kafa tarihin duniya na sakan 12.12 a tsallake shinge mita 100. Da ita ma ƙafarta ta danna da wuri da ɗigon nan, da babu wannan labarin.

Malamar Turanci:
Ikon Allah. Ban taɓa sanin abin ya kai nan ba. Akwai wasu kalmomin da suka fito daga layin farawa da ya kamata in sa?

Mai Fassara:
Suna da yawa Malama, kuma galibi masu faɗinsu ba su san daga fili suka fito ba. In an ce mutum “quick off the mark” ne, ana nufin mai saurin ɗaukar mataki, “slow off the mark” kuma mai nawa. “Head start” shi ne a ba ka rata, ka tashi kana gaba. “Flying start” asalinsa tseren da ake ƙetare layin farawa ana cikin gudu, yanzu ya zama a fara abu da ƙafar dama. Wadda na fi so ita ce “from scratch”. Kafin a samu farin fenti, layi ake ja a ƙasa da sanda, shi ne “scratch”. A tseren da ake ba marasa ƙarfi rata, gwani shi ke tsayawa a kan layin nan ba a ba shi ko taku ɗaya ba. Shi ya sa wanda ya fara kasuwanci ba jari ba gado ake cewa ya fara “from scratch”.

Koci:
Har da “out of the blocks”. Su matokaran nan ba su daɗe ba. Jesse Owens da ya ci zinare huɗu a Barlin a 1936, da ɗan cokalin magina ya haƙa wa ƙafafunsa ramuka a ƙasa. A gasar Olamfik, sai a ta Landan, 1948, aka fara amfani da matokara.

Ɗan Sukuwa:
Kada a manta da mu masu dawaki. A Ingila in dawaki sun shiga akurkin farawa ana cewa suna “under starter's orders”, in ƙofofi suka buɗe mai sharhi ya ce “They're off!” Daidai da yadda muke cewa an sake su.

Abokin Kowa:
Ita kuma “D-Day” ɗin da Malama ta tambaya, ni abin da na ji shi ne D ɗin tana nufin “Doomsday”, wato ranar tashin alƙiyama, saboda yawan mutanen da suka mutu. Wasu kuma su ce “Decision”.

Ɗalibar Tarihi:
Yaya, wannan maganar ta yaɗu sosai amma ba haka ba ne. D ɗin harafin farko ne na “day”, kamar yadda H a “H-Hour” take harafin farko na “hour”. Shaida ita ce Faransawa “Jour J” suke cewa, J daga “jour”, wato rana. Ɗan Maraɗi zai gaskata ni. Kuma kalmar ta girmi yaƙin duniya na biyu. Tana cikin umarnin da rundunar Amurka ta fitar a watan Satumba na 1918, gabanin harin Saint-Mihiel a Faransa.

Amfaninta na masu tsara yaƙi ne. Za ka shirya harin da ya ƙunshi dubban mutane, jirage, abinci, man fetur, asibiti, amma ba ka san takamaimiyar ranar ba, ko ka sani ba ka so ta fita. Sai ka rubuta komai da harafi: jirage kaza su tashi D ban da kwana ɗaya, kaya kaza su iso D da kwana uku. In ranar ta gusa, ba sai ka sake rubuta takarda ko ɗaya ba. Haka kuwa aka yi a 1944. An tsayar da 5 ga Yuni don saukar sojojin ƙawance a gaɓar Normandi ta Faransa, hadari da iska suka taso a teku, babban kwamandansu Janar Eisenhower ya ɗaga da kwana ɗaya. Ta koma 6 ga Yuni, duk jadawalin ya gusa tare da ita. Ita kanta “H-Hour” ɗin ba ɗaya ba ce a ranar. Amurkawa a gaɓar Utah da Omaha ƙarfe 6:30 na safe, 'yan Birtaniya a Gold da Sword wajen 7:25, saboda cikar teku ba ta isa ko'ina lokaci guda.

Ɗan Maraɗi:
Haka yake 'yar uwa. “Jour J” da “heure H”. Har amare a nan suna kiran ranar ɗaurin aurensu “jour J”.

Tsohon Saje:
Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake karanta ku ban sa baki ba, amma an zo gonata. Ɗiyata Ɗalibar Tarihi ta faɗi gaskiya, ba ni da abin gyarawa. Abin da zan ƙara shi ne yadda kalmar take a jikin wanda aka faɗa wa.

In an ce maka “H-Hour” ƙarfe kaza, tun dare ake haɗa shugabanni a daidaita agogo, kowa ya kalli nasa, babba ya ƙirga, a saita tare. Daga nan a taka a hankali zuwa wurin taruwa, sannan zuwa layin da Turawan Ingila ke kira “start line”, Amurkawa kuma “line of departure”. Ba fenti ba ne, wataƙila bakin hanya ne ko busasshen rafi ko jerin itatuwa, abin da kowa zai iya ganewa cikin duhu. Sharaɗin shi ne ka ƙetare shi daidai kan lokaci. In ka riga, wutar igwar mutanenka ce za ta sauka a kanka, don ba ta riga ta ɗaga ba. In ka makara, wutar ta ɗaga ta bar ka, abokin gaba ya fito daga rami yana jiranka. A kwancen nan babu taba, babu tari, babu magana. Za ka ga ƙato yana ta shafa madaurin hularsa yana kwancewa yana ɗaurawa, leɓensa na motsi da addu'a. Bakinka ya bushe ko da ka sha ruwa.

Saboda haka ni dai raina ba ya so in ji yaro yana cewa gobe ne “D-Day” ɗinsa don zai yi bikin zagayowar ranar haihuwa. Malama, in za ki koyar, ina roƙon arziki ki raba su. Na tsere daban, na yaƙi daban.

Malamar Turanci:
Allah ya ƙara girma Baba Saje, ya saka muku da alheri. Jikina ya yi sanyi.

Mai Fassara:
Baba, Allah ya ja da rai. Ina girmama abin da ka gani, mu a takarda muka karanta. Amma da izininka, raba su zai yi wuya, don masu harshen da kansu sun riga sun cakuɗa su. Kai da bakinka ka ce “start line”, kalmar 'yan tsere ce soja ya ara. Janar-janar ɗin Amurka kan ce hari zai yi “kick off” ƙarfe kaza, kalmar take wasan ƙwallo. Mu ma Hausawa haka muke. Fagen daga, fagen fama, fagen dambe, fagen sukuwa, duk fage ne. Mai sharhin ƙwallo a rediyo kullum cewa yake an kai hari, an kai farmaki, an tsare gida, an yi musu luguden ƙwallaye. Babu wanda ya ce ya raina mayaƙa.

Ɗalibar Tarihi:
Akwai wani labari na gaske da ya tsaya daidai tsakanin maganar Baba da ta Mai Fassara. Yaƙin kogin Somme a Faransa, 1 ga Yuli 1916. A lokacin 'yan Birtaniya “zero hour” suke cewa, kuma an sa ta ƙarfe 7:30 na safe. An kwana bakwai ana yi wa ramukan Jamusawa luguden igwa, aka gaya wa sojoji ba za su tarar da kowa da rai ba. Da lokaci ya cika hafsoshi suka busa usur, sojoji suka hau tsani suka fito daga ramuka zuwa fili. Wannan fitowar ita ce “over the top”. Wani kyaftin mai suna Wilfred Nevill, na rundunar East Surrey, ya tanadar wa yaransa ƙwallaye, ya ce in an busa a buga su gaba a bi su har ramin abokan gaba, don ya ɗauke musu hankali daga tsoro. An buga, an bi. Shi kansa an harbe shi ya mutu a kusa da wayar ƙaya ta Jamusawa. Jaridun Ingila suka yi ta yabon abin a matsayin jarumta.

A ranar kaɗai Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, 19,240 daga ciki sun mutu. Ita ce rana mafi muni a tarihin sojan ƙasar.

Sannan ga “jump the gun” na gaske a ranar. An haƙa ramuka ta ƙarƙashin ƙasa an danƙara nakiya a ƙarƙashin Jamusawa. Yawancinsu an tashe su ƙarfe 7:28, saura minti biyu. Amma ta tudun Hawthorn an ba da umarnin a tashe ta ƙarfe 7:20. Minti goman nan ya ishi Jamusawan da ke wajen su gane abin da ke tafe, su fito daga maɓoya, su girka manyan bindigoginsu. Waɗanda suka fito 7:30 a wannan ɓangaren sun sha wuta ba kaɗan ba.

Tsohon Saje:
To kun ji. Ɗiyata ta ba ni hujja da hannunta. Ɗan tseren da ya riga bindiga jan kati za a nuna masa, ya koma gida ya ci abinci, baɗi ya dawo. Wanda ya riga lokaci a can, mutane ne za su kwanta ba su tashi ba. Shi kuma kyaftin ɗin, Allah ya sani nufinsa alheri ne ga yaransa, ban zarge shi ba. Waɗanda nake zargi su ne masu zama a gida suna rubuta yaƙi kamar wasan ƙwallo, har yaro ya ji yana sha'awar ya je. Kalma tana rage wa abu nauyi in an saba jin ta a wurin wasa.

Hajiya Mai Nazari:
Ina ganin Baba da Mai Fassara ba abu ɗaya suke jayayya a kai ba. Mai Fassara yana faɗin yadda harshe yake, Baba yana faɗin yadda ya kamata a yi da shi. Babu mai iya hana Bature ko Bahaushe aron kalma daga wannan fage zuwa wancan. Amma malami yana iya sa yaro ya san inda kalmar ta fito. Yaron da ya ji labarin Somme, ko ya ce “zero hour” a kan jarrabawa, ya san abin da ya ɗauko. Ni ina goyon bayan a koyar da su tare, da sharaɗin a faɗi tarihin ba a tsallake ba.

Ku duba “over the top” ma. Yau in Bature ya ce kwalliyarki ta yi “over the top”, wuce gona da iri yake nufi, ko kusa ramin yaƙi bai zo masa a rai ba.

Tsohon Saje:
Hajiya, in za a faɗi tarihin to da sauƙi. Amma a faɗa da lambobin da ɗiyata ta kawo, kada a ce an mutu da yawa kawai a wuce.

Abokin Kowa:
Mai Fassara, ni matsalata a labarai ce. Yau a ce “launched an attack”, gobe “stormed”, jibi “raided”, mu kuma a Hausa kullum an kai hari. Babu bambanci ne?

Mai Fassara:
Akwai, kuma Hausa ba ta gaza ba, ragwancin masu fassara ne da ƙurewar lokaci a ɗakin labarai. “Launch” ita ce ta farawa tsantsa, ƙaddamar da hari, kalmar da suke amfani da ita wajen tura sabon jirgin ruwa cikin teku. “Mount an attack” tana nuna an yi shiri an tara ƙarfi kafin a kai. “Storm” sai akwai wuri mai katanga ko ƙofa da aka kutsa da ƙarfin tsiya, a nan sai mu ce sun afka, ko sun yi dirar mikiya in abin ya zo ba zato. “Raid” samame ne, a shiga a yi abin da ya kawo a fita, ba a zo zama ba. “Ambush” kwanton ɓauna. “Charge” kuma ita ce a taso a guje gaba ɗaya a tunkari abokin gaba ido da ido.

Ɗan Sukuwa:
Wannan ta ƙarshen ai ita ce jahi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan daushe ya ga mahaya sun taso a sukwane da masu a ɗage, ƙasa na girgiza, sai sun zo dab da sarki su ja linzami, ya ga “charge” da idonsa. Bambancin kawai su waɗannan gaisuwa suka kawo.

Mai Fassara:
Madalla. Wadda har yau ban gamsu da fassararta ba ita ce “zero hour” kanta. Nakan ce lokacin da aka tsayar, ko sa'ar da aka ɗiba, amma duk sun yi sanyi.

Tsohon Saje:
Kada ka wahalar da kanka ɗana. Mu a tsakaninmu da Hausa lokacin tashi muke cewa. In na zagaya na taɓa kafaɗar yaro na ce saura minti biyar a tashi, babu wanda ya taɓa tambayata tashi zuwa ina.

Koci:
Mu ma a fili tashi muke cewa, Baba. Wane yana da kyawun tashi, wane tashinsa ne ke kayar da shi. Kuma tunda akwai malaman makaranta da yawa a zauren nan, ga wata shawara ta aiki ga masu shirya gasar wasanni. Masu riƙe agogo a ƙarshen mita 100 kada su jira ƙarar bindiga ko usur kafin su danna. Ƙara tana tafiyar kusan mita 340 ne a sakan, ke nan kafin ta iso gare su an ci kusan kashi uku cikin goma na sakan, sai a rubuta wa yaro lokacin da bai yi ba, ya je gasar jiha ya sha mamaki. Hayaƙin bindigar za su kalla. In babu bindiga, a samu katako biyu masu faɗi a haɗa su da ƙarfen ƙofa, mai sakin yara ya ɗaga su sama inda kowa zai gani, masu agogo su danna da zarar sun ga katakon sun haɗu. Shi kuma ya riƙa sauya tsawon shirun da yake yi bayan “Set”, don in kullum iri ɗaya ne yara za su haddace shi su riƙa canka.